Hukuncin Farautar Tsuntsaye A Wurin Da Hukuma Ta Hana

Tambaya: Malam, ina harbin zabin daji da fakara don ciyar da iyalina. Hukuma ta hana farauta a gandun daji da lokacin ƙyanƙyasa. Shin ina da laifi idan na saɓa?

Amsa: Asalin farauta halal ce, kamar yadda aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta nuna. Sai dai shari'a da kanta ta hana ta ga mai harama da kuma cikin Haramin Makka. Shugaba ma yana da ikon keɓe wuri don maslahar jama'a: Annabi (SAW) ya keɓe Naƙi'u, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza.

Saboda haka idan hukuma ta hana farauta a irin su Yankari ko Dagona, ko ta tsai da lokaci da adadi don kada tsuntsayen su ƙare, wajibi ne ka bi, domin ba saɓon Allah aka umarce ka da shi ba. Wanda ya harbe uwa tana kwance kan ƙwai ya kashe na baɗi.

In ka saɓa, naman bai zama mushe ba muddin ka yi bisimilla, amma ka yi laifi, sai ka tuba. Na Harami kuwa ba ya ciyuwa.

Wallahu a'alam.