Tsatsa mai launin kore a jikin tagulla: daga ina take, kuma me take yi wa jiki?

Idan kun ga kan famfo ko tsohuwar tasar tagulla ta yi kore-kore, ko ruwan safe ya fito da ɗan shuɗi da ɗanɗanon ƙarfe, to jan ƙarfe ne ke narkewa yana shiga abin da za ku sha.

Yadda abin ke faruwa

Ku shafa cikin randa ko jarkar da ta kwana biyu ba a wanke ba, za ku ji santsi. Wannan yauƙi ƙwayoyin bakteriya ne ke fitar da shi don su manne wa bango, su kuma fake a ciki. A jikin roba iyakarsa ƙazanta, amma a jikin jan ƙarfe yana da wani aiki: yana kama ƙwayoyin ƙarfen yana janye su, yana kuma tara tsami a ƙarƙashinsa. Wurin da ya rufe sai ya riƙa cinyewa fiye da kewayensa, har ya zama ɗan rami. Ba bakteriya kaɗai ba. A ƙarshen shekarun 1980 masu bincike a Amurka sun gwada ƙaro, wannan dai da muka sani, suka ga shi ma yana cin jan ƙarfe. Ruɓaɓɓen ganye da ciyawa da ke narkewa a ruwan tafki su ma suna kama shi.

Ruwan madatsar Zobe, wadda ke kan kogin Karaduwa, ana tace shi a sa masa kulorin kafin a turo shi. Matsalar tana farawa ne bayan ya iso gida. A Dutsin-Ma ko Kurfi, in ruwa ya kwanta a bututu ko tanki cikin zafi, ƙarfin kulorin yana raguwa, yauƙi ya samu wuri. Yawancin bututanmu na roba ne, don haka ku duba kan famfo, mahaɗar bututu, hita da tsofaffin kwanonin gado.

Illa ga lafiya

Jiki na buƙatar jan ƙarfe kaɗan, kuma abinci ya wadatar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 2 a kowace lita ta ruwan sha. Ƙa'idar Najeriya miligiram 1 ce. In ya yi yawa yakan kawo tashin zuciya, amai, ciwon ciki da gudawa, galibi jim kaɗan bayan an sha. Jarirai da masu cutar Wilson, wadda ake gado, sun fi shiga haɗari domin yana taruwa a hantarsu. A Indiya an danganta wani ciwon hanta na yara da dafa madara a tukwanen tagulla.

Abin da za ku yi

Tafasawa ba ta cire jan ƙarfe. Ku bar famfo ya zuba na kamar minti ɗaya da safe, ku tari wannan don wanki. Kada a haɗa madarar jariri da ruwan hita. Kada a bar nono, zoɓo ko kunun tsamiya a tasar tagulla, domin tsami yana saurin narkar da ita. A goge cikin tanki da randa da soso, ɗauraya kawai ba ta ɗaga yauƙi.

Idan amai ya ƙi tsayawa, ko akwai jini a ciki, ko idon yaro ya yi rawaya, ku je asibiti a ranar, ku tafi da kwanon ko ɗan ruwan a kwalba mai tsabta.