Wa Ya Ba Jamaika Zoɓonmu?

A kasuwar Gadarif, garin riɗi da dawa a gabashin Sudan, in azumi ya kama ba ka rasa tulin jan karkade kusa da tsamiya da kuka. Jikokin Hausawan da hanyar Makka ta ajiye a nan sun san shi da sunan gida: zoɓo, ɗan yakuwa. Amma a Meksiko sai ka ce ruwan Jamaika kake so kafin a miƙo maka kofi, Jamaika kuwa tsibiri ne a tekun Karibiyan. To, ina ne mahaifar wannan shuka?

An daɗe ana bin sawun da ba shi ba. Hans Sloane, likita ɗan Birtaniya da ya zauna a Jamaika daga 1687 zuwa 1689, ya tarar da ita a can, ya sa ta cikin littafinsa na 1707. A 1753 Linnaeus ya raɗa mata suna Hibiscus sabdariffa. Littattafan Turawa kuma suka yi ta maimaita cewa 'yar Indiya ce, tunda can ma ana noma ta ana miya da ganyen.

A 1959 wani masani ɗan Amurka, George Murdock, ya juya akalar zancen. Ya lissafa yakuwa cikin amfanin gonar da manoman Afirka suka fara sarrafawa da kansu. Masana tsirrai suka bi diddigi, suka ga yawancin danginta na daji a Afirka suke, haka ma 'yar'uwarta rama. Wasunsu na ƙiyasin noman nata ya kai shekara 6,000, kuma don ƙwayar aka fara, jan ƙwanson da muke jiƙawa daga baya ya samu shiga.

Wannan batu na ƙwaya, tukunyar kakanninmu ta riga masana sani. Gurguzun yakuwa ne ake dafawa a rufe har ya ruɓa, ya zama daddawar batso. A yammacin Sudan irin wannan daddawa sunanta furundu, a Burkina Faso kuma bikalga. Haka shukar ta samu gindin zama a madafai, daga wannan gefen nahiya zuwa wancan. Jamaika kuwa, masana sun fi karkata ga cewa jiragen cinikin bayi ne suka kai mata irin.

Saura ƙulli ɗaya. In littafi ya ce asalinta "Sudan", sai a ɗauka ƙasar Khartum ake nufi, alhali tsohon sunan Biladus Sudan ya haɗa tun daga Senegal har Bahar Maliya, Murdock ma saman kogin Neja ya nuna. Ke nan Bahaushen da ya taso daga Kano ya yada zango a Gadarif, duk tsawon tafiyarsa bai fita daga gonar yakuwa ba.