Kurumtar Zazzaɓin Lassa: Tarihin Gano Ta

Kurumtar zazzaɓin Lassa rashin ji ne da ke samun wasu daga cikin waɗanda suka kamu da wannan cuta, galibi a daidai lokacin da zazzaɓin ya fara sauka, 'yan'uwa suna murna mai jinya ya samu sauƙi. Takan kama kunne ɗaya ko duka biyu. Ba dodon kunne ne ke fashewa ba. Ɓarnar tana can ciki, a sashen da ke karɓar sauti da jijiyar da ke kai shi ƙwaƙwalwa. An yi rubuce-rubuce da dama a kan mace-macen da Lassa ke jawowa, amma tarihin wannan kurumta a warwatse yake, alƙalumansa kuma sun saɓa wa juna.

Asalin sunan

Cutar ta samo sunanta daga garin Lassa na ƙasar Margi, arewa da Mubi. Yau garin yana Ƙaramar Hukumar Askira/Uba ta Jihar Borno, amma a 1969 shi da Mubi duk suna cikin Jihar Arewa maso Gabas, shi ya sa wasu marubuta ke rikicewa wajen faɗin jiharsa. A watan Janairun shekarar, wata ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya, Laura Wine, ta kwanta rashin lafiya a asibitin mishan na Lassa. Aka kai ta asibitin mishan na SIM a Jos, a nan ta rasu. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ita ma ta rasu. Ta uku, Penny Pinneo, an kai ta New York, ta rayu. Daga samfurin jinin waɗannan mata ne masana a Jami'ar Yale, ciki har da Jordi Casals da Sonja Buckley, suka ware ƙwayar cutar. A farkon 1970 cutar ta sake ɓulla a Jos, ta kashe Dokta Jeanette Troup, wadda ta yanke hannunta lokacin binciken gawa.

Kada a ɗauka a 1969 cutar ta faro. Binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2015 ya nuna ta kai kimanin shekara 1,000 a yankin Nijeriya. A 1972, a Saliyo, ayarin Thomas Monath ya gano cewa wani nau'in ɓera mai yawan nonuwa ne ke ɗauke da ita.

Gano kurumtar

Tun a rahotannin farkon shekarun 1970 likitoci sun ambaci marasa lafiyar da suka warke amma suka daina ji. Sai dai a lokacin hankali yana kan ceto rai. Bincike na farko da aka yi da na'urar gwajin ji shi ne na Cummins da abokan aikinsa a gabashin Saliyo, wanda aka wallafa a 1990. Sun samu kurumta a jikin kusan kashi 29 cikin 100 na waɗanda aka kwantar aka kuma tabbatar suna da cutar. Wannan adadi ne ya haifar da maganar da ake yawan maimaitawa cewa mutum ɗaya cikin uku yana kurumcewa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta daɗe tana cewa ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka rayu, kuma kusan rabinsu jin nasu yakan ɗan dawo cikin wata ɗaya zuwa uku. Alƙaluman Saliyo sun fi zama abin dogaro, domin an auna kunnuwan ne, ba tambayar mai jinya kawai aka yi ba.

Abin da ya fi ɗaure wa likitoci kai shi ne, tsananin zazzaɓin ba ya nuna wanda zai kurumce. Wanda cutar ta taɓa sama-sama, har bai je asibiti ba, yana iya wayar gari ana kiransa daga ƙofar ɗaki bai waiga ba. Maganin ribavirin, wanda binciken McCormick na 1986 ya sa aka rungume shi, bai nuna yana hana wannan ba.

Jijiyar ji ko jijiyoyin jini?

Masana sun kasu. A 2016, masu bincike a Galveston ta Amurka sun gwada a jikin ɓeraye, suka ga lalacewar ƙwayoyin jijiyar ji tare da alamun cewa garkuwar jiki ce da kanta ke yin ɓarnar. A 2018, wani binciken a jikin birai ya samu kumburin jijiyoyin jini a sassan jiki da dama na dabbobin da suka rayu suka kurumce. Bayanan biyu ba sa karo da juna, tunda jijiyar da aka toshe wa hanyar jini dole ta raunana.

Halin da ake ciki

A Nijeriya, yawancin aikin da aka yi a kan wannan matsala ya fito ne daga Asibitin Koyarwa na Irrua a Jihar Edo. Amma yankin da ya ba cutar suna ya fi cancanta da a auna kunnuwan mutanensa. Duk wanda ya tashi daga zazzaɓin Lassa a Mubi da kewaye ya nemi gwajin ji kafin a sallame shi, ya kuma koma bayan wata uku. A gida kuwa, a rufe hatsi da abinci, a toshe ramukan ɓeraye, a daina shanya gari a ƙasa a bakin hanya.