Fuwaku: ƙungiyar zari-ruga ta dattawan Japan, wadda ba a shiga sai an cika shekara 40

A nan wajenmu, daga Madaoua zuwa Bouza da Keita, ɗan kokowa ko ɗan ƙwallo da ya kai shekara 40 ya gama. Sai dai ya koma bakin fili yana ba yara shawara. To a birnin Tokyo na ƙasar Japan akwai wata ƙungiya da a wannan shekarun ne ma take fara karɓar mutum. Sunanta Fuwaku, wasanta kuwa zari-ruga, wanda Turawa ke ce wa rugbi.

Ga waɗanda ba su taɓa kallonsa ba, wasa ne na mutum 15 kowane ɓangare, ana yin minti 80. Ƙwallon doguwa ce kamar ƙwai, da hannu ake ɗaukarta a ruga da ita, kuma ba a miƙa wa abokin wasa ita ta gaba, sai ta baya ko ta gefe. Wanda ke riƙe da ita an yarda a cafke shi a kayar ƙasa. Idan ka tsallake layin abokan karawa ka dangwarar da ita, kun ci maki 5. Sunan wasan daga garin Rugby na Ingila ya fito, inda ake ba da labarin cewa a 1823 wani ɗan makaranta, William Webb Ellis, ya ɗauki ƙwallo da hannu ya sheƙa. Kofin duniya na wasan sunansa yake ɗauke da shi har yau.

Wasan ya shiga jami'ar Keio ta Tokyo a 1899, ta hannun Edward Bramwell Clarke da abokinsa Ginnosuke Tanaka, kuma hukumar zari-ruga ta Japan ta kafu a 1926. Ke nan samarin da suka yi tashe a wancan lokaci, kafin a gama yaƙin duniya na biyu a 1945 sun manyanta. Su ne suka haɗu a 1948, shekara uku kacal bayan yaƙin, Tokyo ba ta gama farfaɗowa daga ruwan bama-bamai ba, suka kafa Fuwaku don su ci gaba da wasansu.

Kalmar Fuwaku daga koyarwar malamin nan na Sin na zamanin da, Confucius, aka samo ta. Ma'anarta rashin shakka, kuma Japanawa na kiran shekara 40 da ita, wato lokacin da hankalin mutum ya zauna wuri ɗaya. Ai mu ma nan haka muke kallon ɗan arba'in. Daga baya wasu garuruwa suka bi sahu suna wasa da sunan: ta Osaka ta kira kanta Wakuwaku, kalmar da ke nufin ɗoki, ta Fukuoka kuma Meiwaku, wato fitina ko damun mutane. Ƙungiyoyin uku na haɗuwa su kara da juna. A 2019, shekarar da Japan ta karɓi gasar kofin duniya, wadda Afirka ta Kudu ta lashe bayan ta doke Ingila da ci 32 da 12, kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ce irin waɗannan ƙungiyoyi na 'yan sama da 40 sun kai kimanin 150 a ƙasar.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne gajeren wando. Ba a tambayar mutum shekarunsa a fili, wandonsa ke faɗa. 'Yan 40 zuwa 49 fari suke sawa, 'yan 50 shuɗi mai duhu, 'yan 60 ja, 'yan 70 ruwan ɗorawa, 'yan 80 shunayya. Wanda Allah ya kai 90 yana nan, nasa ruwan zinariya ne. Amfaninsa a bayyane yake: mai farin wando da ya hango mai ɗorawa ya taho da ƙwallo ya san ba sa'ansa ba ne, ba zai maka shi da ƙasa yadda zai yi wa tsaransa ba. Sauya launi kuwa abin murna ne a wurinsu, kamar ƙarin girma.

Kada ku ɗauka wasan yara ne fa. Ana ture juna, ana faɗuwa, ana karyewa. A rahoton na 2019 akwai wani likita mai shekara 86 da ke bugawa, wanda ya ce haƙarƙarinsa ya karye ba sau ɗaya ba, amma bai bari ba. Kuma babu mai biyansu ko dala. Ƙungiya ce ta sa-kai, kowa da sana'arsa ko fanshonsa. Dama zari-ruga na mutum 15 bai yarda da biyan 'yan wasa albashi ba sai a 1995.

A wasu ƙasashe an ɗauki tunanin an sassauta shi. A 1979 aka yi bikin farko na Golden Oldies a Auckland ta ƙasar New Zealand, na 'yan shekara 35 zuwa sama. Can ba a lissafin maki, kowane wasa canjaras ake ɗaukarsa, ba a tura juna da ƙarfi a cunkuson 'yan gaba, kuma mafi tsufa an hana a kayar da su.

Japan dai ƙasar tsofaffi ce, kusan mutum 3 cikin 10 sun wuce shekara 65, alhali a Nijar kusan rabin jama'a ba su kai 15 ba. Shi ya sa filayenmu na samari ne. Nijar na da hukumar zari-ruga, amma wasan bai yi ƙarfi a karkara ba. Gaskiya ma ba mu ga dattijon da zai yarda a fyaɗa shi kan tsakuwar Keita ko duwatsun Bouza ba, filayenmu ba ciyawa. Namu wasan na ƙarfi kokowa ne, wadda gasar takobinta ta ƙasa a Tahoua aka fara ta a 1975, Kantu na Maradi ya ɗauka. Zakarun wancan zamani da suke raye yau, da a Tokyo ne, da masu ɗorawa ne ko shunayya.

Abin da za a iya ara shi ne tsarin. Tsofaffin 'yan ƙwallon da ke haɗuwa ranar Lahadi da safe sukan cakuɗa ɗan 38 da ɗan 60 a fili ɗaya, kuma nan ne ake jin ciwo. Raba mutane ta shekaru, ko da da ƙyalle a damtse ne, ba ya cin kuɗi. Haka rage tsawon wasa, da buga shi kafin rana ta ɗaga, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40. Wanda ya daɗe bai motsa ba, ko yake da hawan jini ko ciwon suga, ya fara biyawa ta likita a auna shi kafin ya ɗaura takalmi.