NISHI DA NISA: 'YAN GIDA ƊAYA DA RUBUTU YA ƁOYE



Kowa ya san nishi: sautin nan mai nauyi da ke fitowa ƙasa-ƙasa daga ƙirji idan ciwo ko kaya sun yi wa mutum yawa. Majinyaci yana nishi, ɗan dako yana nishi, raƙumi ma haka. A ɗakin haihuwa kuwa umarni ne. Idan ungozoma ta ce "yi nishi!", nufinta ki yunƙura, ba wai ki koka ba.

To daga ina kalmar ta fito? Daga aikatau "nisa". Ƙa'idar tsohuwa ce a Hausa: "s" kan koma "sh" a gaban wasalin "i". Rasa, rashi. Gasa, gashi. Numfasa, numfashi. Haka nisa ta haifi nishi.

Me ya sa ɗalibai da yawa ba su ga wannan dangantaka? Rubutu ne sila. A baki, "nisa" ta tazara karinta sama-sama ne, ta nishi kuwa sama-ƙasa. Ƙamusun Bargery na 1934 ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Amma bokon yau da kullum, wanda ya kafu a Zariya a shekarun 1930 zamanin Rupert East, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yaɗa tun daga 1939, bai ɗauki waɗannan alamomi ba. Sai kalmomin biyu suka zama tagwaye a takarda.

Da littattafan soyayya suka bunƙasa a Kano daga shekarun 1980, aikatau ɗin ya sami wurin zama. Sau nawa ka karanta "ta nisa, sannan ta ce"? A nan ba ciwon jiki ba ne, dogon numfashi ne kafin magana mai nauyi. Saboda haka kar ka "gyara" wa marubuci zuwa "ta yi nisa". Ka tura baiwar Allah tafiyar da ba ta shirya ba!

A kula kuma: nishaɗi ba ɗan gidan nan ba ne, aro ne daga Larabci. Haki na gajiya ne, minshari na barci, gurnani na zaki.

A garinku har yanzu ana cewa "ya nisa" a hira, ko sai a littafi?