Barin Gishiri Dindindin a Tankin Kifin Ruwan Daɗi: Nazarin Amfani da Illa

Tsakure

Maƙalar ta duba al'adar zuba gishiri a tankin gilashi na kifin ado a bar shi wata da watanni. Ta nuna cewa gishiri magani ne mai wa'adi, kuma hujjar mayar da shi abin kullum ba ta da ƙarfi.

Gabatarwa

Jinin kifin ruwan daɗi yana ɗauke da gishiri kimanin giram 9 a kowace lita, ruwan da yake ciki kuwa kusan babu. Don haka ruwa kan kutsa jikinsa ta matatar numfashi da ke gefen kansa, gishiri kuma ya riƙa sulalewa. Kifin yana kare kansa da yawan fitsari tsinkakke, da wasu ƙwayoyin halitta masu janyo gishiri daga ruwa, aikin da August Krogh ya bayyana a 1937. A nan masu kiwo suka kafa hujja: in an ƙara gishiri, an rage wa kifi wahala. Maganar gaskiya ce ga kifi mai rauni ko wanda ya sha jigila, shi ya sa masu kiwon tarwaɗa kan yi wa 'ya'yan kifi wankan gishiri bayan tafiya. Lafiyayyen kifi kuwa ba ya bukatar wannan agaji.

Inda gishiri ke aiki

Hujja mafi ƙarfi ita ce gubar naitirait, wadda kan taru a sabon tanki kafin bakteriya masu narkar da kashin kifi su kafu. Naitirait tana shiga jini ta ƙofar da kuloraid ke bi, ta hana shi ɗaukar iskar oksijin. Jinin ya koma ruwan ƙasa, a ga kifi yana haki a saman ruwa alhali famfon iska na aiki. Kuloraid na gishiri yana tare wannan ƙofa, har manoman kifi a Misisifi ta Amurka kan riƙe shi ninki 10 na naitirait. Amma da matatar tanki ta kankama, bukatar ta wuce. Haka cutar farin ɗigo, wadda Fouquet ya siffanta a 1876: gishiri giram 1 zuwa 3 a lita, na kusan mako biyu, sai a sauya ruwa.

Illar daɗewa

Gishiri ba ya bin tururi. Wanda ya cika tankin da ya ragu da ruwa mai gishiri, ƙara masa kauri yake yi bai sani ba. Tsirran ruwa su ne farkon shaida, ganye ya yi rawaya ya ruɓe. Kifayen tetra da koridoras na yankin Amazon, da suka fito daga ruwa mai ƙarancin ma'adinai, ba su jure shi kamar kifin moli. Masu kafa hujjar zuba gishiri da tafkunan Malawi da Tanganyika ma sun yi kuskure, domin taurin ruwan can daga kabonet da kalsiyam da maganiziyam yake. In kuma akwai dutsen ziyolait a matata, gishiri kan sa ya saki amoniyar da ya tsotse.

Abin da ya fi damun mai wannan nazari shi ne yadda gishiri ke rufa wa ƙazamin ruwa asiri: kifi ya daina haki, mai shi ya daina sauya ruwa. A yi magani da awo a keɓaɓɓen tanki, babban tanki kuwa a bar shi ba gishiri.