Wa Ke Tambaya, Wa Ke Amsawa: Tarihin Binciken Zama da Jama'a a Ƙasar Hausa

Duk wanda ya koyi binciken zama da jama'a a jami'o'inmu, da sunan Malinowski aka fara masa karatu. Shi ne ɗan ƙasar Folan ɗin nan da ya kafa tanti a tsibiran Trobriand, gabas da Niyu Gini, tsakanin 1915 da 1918. Littafinsa na 1922 ya zama ƙa'idar sana'ar: ka je, ka daɗe, ka ji harshe, sannan ka rarrabe abin da mutane suka ce suna yi da abin da ka ga suna yi. Sai dai gidan Bahaushe yana da katanga da zaure, kuma baƙo namiji a zaure yake tsayawa. Shi ya sa a wajenmu tarihin wannan aiki ya zama tarihin wanda ya samu shiga ciki, da wanda ya yi masa iso.

Na farkon zuwa ko zauren ba su cika zama ba. Jami'an mulkin mallaka ne, daga bariki suke aikawa. Frank Edgar ya fitar da tatsuniyoyi da labarai a mujalladi uku tsakanin 1911 da 1913, amma malamai ne suka rubuto masa su da ajami. A can Gwalkwas, wato Ghana ta yau, Malam Shaihu ne ya rubuta wa wani jami'in, Rattray, abin da ya buga a 1913. Littafin C.K. Meek na 1925 kan ƙabilun Arewa kuwa, da rahotannin Di'o-Di'o na ƙidayar 1921 aka gina shi. Manufar ba ɓoyayya ba ce: a san wanda ake mulka, a san abin da zai iya biya. Wannan tabon har yau muna fama da shi. Ka sauka ƙauye da takarda da biro, ka tambayi magidanci dami nawa ya samu bana, sai ya ce, "Alhamdulillahi, ba laifi." Kakansa ya san inda irin wannan tambayar take ƙarewa.

Sauyi na gaskiya ya zo a 1949, lokacin da M.G. Smith, mutumin Jamaika, ya sauka ƙasar Zazzau tare da matarsa Mary. Shi yana zaure da dagatai da manoma yana lissafin gandu da sarauta, ita kuma tana cikin gida. Nan ta haɗu da wata dattijuwa mai suna Baba, wadda ta zauna da ita daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950 tana ba ta labarin rayuwarta da Hausa: harin bayi, zuwan Nasara, aure-aurenta, ƙawance, riƙon 'ya'ya, bori. Baba ta rasu a 1951, littafin da Mary ta haɗa na labarinta ya fito a 1954. Miji ya rubuta manyan littattafai kan tattalin arziki da mulkin Zazzau, amma na matar ne ya fi yawo a duniya, domin a cikinsa aka ji Bahaushiya tana magana doguwa ba tare da wani ya tare mata numfashi ba.

Daga nan mata suka yi ta buɗe abin da maza suka tsallake. Polly Hill ta zauna a Batagarawa, kusa da Katsina, a 1967. Ta bi gida-gida, ta nuna cewa manoman ƙauye ba ɗaya suke ba: akwai mai rumbu cike har wata damina, akwai wanda ke sayar da hatsinsa da kaka da arha, ya dawo ya saya da tsada da bazara, ya kuma bar gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani. Ta kuma gano kasuwar da ba ta da rumfa, wadda matan kulle ke ci daga ɗaki, ta hatsi da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Enid Schildkrout ta ɗora a Kano cikin shekarun 1970, ta bi 'yan talla ta nuna cewa yara su ne ƙafafun wannan kasuwa. Mai takardar tambayoyi da ya tsaya a zaure zai rubuta cewa matar gida ba ta da sana'a, domin abin da mijinta ya faɗa ke nan.

Wannan shi ne amfanin daɗewa. Ka tambayi uwa 'ya'yanta nawa, tana iya tsallake ɗan fari saboda kunya, ta kuma haɗa da 'yar riƙo. Sai ka halarci suna da biki da zaman makoki kafin lissafin ya daidaita. Da irin wannan haƙuri Abner Cohen ya gane, a unguwar Sabo ta Badun a farkon shekarun 1960, yadda amanar maigida da ɗarikar Tijjaniyya suka riƙe cinikin goro da shanu. Haka Guy Nicolas ya yi a ƙasar Maraɗi kan biki da kyauta.

A shekarun 1970 aka fara tuhumar sana'ar kanta. Littafin da Talal Asad ya shirya a 1973 ya fito da alaƙarta da mulkin mallaka fili. A Jami'ar Ahmadu Bello, Yusufu Bala Usman da abokansa suka koya wa ɗalibai su tambayi kowace majiya: wa ya rubuta, don wa, da wace manufa? 'Yan gida suka karɓi alƙalami. Ibrahim Tahir ya rubuta digirinsa na uku a Kambirij kan malamai da attajiran Kano. Sai muka tarar ɗan gida ma da nasa cikas. Bature zai yi tambayar wauta a yi dariya a amsa masa. Kai kuwa sai a ce, "Haba Malam, ai ka sani." Ba ka isa ka tambayi sa'ar mahaifiyarka zancen aurenta ba, kuma abin da ka saba gani kullum shi ne ya fi wuyar gani.

Yau abin da ke cin sana'ar shi ne gaggawa. Ƙungiyoyin agaji na son rahoto cikin makonni. A tara mutane a ajin firamare, mai unguwa ya zaɓo masu baki, a raba lemo da kuɗin mota, a naɗi murya a waya. Mutane sun haddace amsar da ke kawo rijiya. Ga kuma rashin tsaro, wanda ya sa ƙauyuka da dama na Katsina da Zamfara da Kaduna sai ta waya ake jin su. Cibiyar LASDEL da aka kafa a Yamai a 2001 ta nuna ana iya yin akasin haka: masu bincike 'yan ƙasa suna daɗewa a asibitoci da ofisoshi suna duban yadda aiki ke tafiya a zahiri.

Bashi biyu ke kanmu. Na farko, tafintoci da mataimakan da suka yi rabin aikin, sunansu ya hau bangon littafi, ya daina maƙalewa a shafin godiya. Na biyu, mafi yawan abin da masu binciken nan suka rubuta kan Hausawa yana cikin Ingilishi ko Faransanci. Muddin mutanen Batagarawa ba su karanta abin da aka ce a kansu da harshensu ba, har su ce nan an yi daidai, nan an yi kuskure, to binciken bai kammala ba.